Wutar da Ke Ƙafar Auta

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da tsofaffin da kike kula da su a gidan nan naku. Yaya kunnen? Na san har yanzu ya ƙi waya, shi ya sa na sake ɗaukar biro. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Amaryarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki, bayan shekara ashirin da ɗoriya a gidan miji ya kamata ki yi mata ƙarin girma daga Amarya. Na ce ta daina ɓata bakinta.

Yaya, na yi barci. Da wannan nake so in fara, don ke kin san nauyin maganar. Tun ranar da na faɗo daga kan tsani da gilashin taga a hannuna, shekara tara ke nan, wutar nan da take tashi daga ƙuguna ta gangara ƙafar hagu har yatsu ba ta taɓa ba ni hutu ba. An yanka mini baya sau biyu. Na sha ƙwayoyi har cikina ya gaji da ni.

Sabon likitan ya ce jijiyar ta riga ta lalace, ba abin da wuƙa za ta ƙara yi mata, amma ana iya hana ihunta isa kai. Suna zura wata siririyar waya kusa da lakar baya, tana sakin lantarki kaɗan-kaɗan, shi ne yake danne ciwon. Sun fara da gwaji na mako guda, wayar a ciki, batirin a waje an manne mini shi da filasta. Da ma'aikaciyar asibitin ta kunna, sai na ji kamar kiyashi na yawo a ƙafata, daidai inda wutar take. Ta ce, "Malam, yaya ka ji?" Amarya ce ta amsa mata, ta ce, "Dubi goshinsa, ya warware."

Ciwon bai tafi duka ba, kada in yi miki ƙarya. Amma ya koma abin da mutum zai iya zama da shi ya ci abinci. A makon nan har na taka zuwa shago da ƙafata, ban tsaya na rungumi falwayar bakin titi ba yadda na saba.

Jiya suka zare wayar gwajin, wutar ta dawo gidanta. Ban san mutum yana jin kewar waya ba sai yanzu. Sun ce nan gaba kaɗan za su dasa ta dindindin, batirin ma a ƙarƙashin fata. Tsoro nake ji, Yaya. Wanda bai ɗanɗana sauƙi ba ya fi ni kwanciyar hankali. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki, Auta.

*

Daga Yaya zuwa ga Auta

Wa alaikumus salam, Autan Inna.

Takardarka ta same ni lafiya. Kunne yana nan yadda ka san shi, abin da ya ga dama yake ji. Tsofaffina ma suna nan, kullum da wanda zai ce na sace masa silifa alhali yana ƙafarsa.

A ɗakin wanki na karanta, na yi kuka a kan zanin gadon mutane har sai da na sake shanya shi. Ashe ƙarshenta dai batiri za a sa maka kamar tocila! Allah mun gode maka. Ni da na goye ka bayan rasuwar Inna, na san rakinka tun kana tsumma, amma wannan ciwon ba raki ba ne. Zuwana na ƙarshe na ga yadda kake cije leɓe in za ka tashi daga kujera, na koma ban iya cin abinci ba.

To ka ji ni da kyau. Abin da likita ya ce, shi za ka yi. In sun ce kada ka sunkuya, kada ka sunkuya ko da zinari ka gani a ƙasa. Na san halinka, kana jin dama-dama za ka je ka kinkimo gilashi mai tsawon ƙofa don maƙwabta su ce ka warke. Lafiya uwar jiki ce, ba abin nuna wa mutane ba.

Ita kuma Amarya baiwar Allah, Allah ya saka mata da alheri. Ta yini a tsaye a shagon magani tana miƙa wa mutane ƙwaya, ta dawo ta ɗaura maka takalmi, ta danna maka baya, ta shanye faɗanka. Ban taɓa jin ta ce kash ba. Yanzu sai ta samu ta tafi makarantar ungozomancin nan da ta yi ta ɗagawa saboda kai. Na ji bana ce damarta ta ƙarshe, shekarunta sun kai iyakar da suke ɗauka. Mace ta yi haƙuri irin wannan, ai ya kamata ita ma ta sha iska.

Ka gaya mata Amarya take har ta yi furfura, ban sauke ta ba. Ka rubuto da zarar an yi aikin.

Yayarka.

*

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa. Ina fata jiki da ƙarfi. An yi aikin lafiya, ɗinkin ya kama. Batirin yana saman ƙuguna ta dama, in na shafa ina jin tudunsa kamar guntun sabulu. Sun ba ni rimot ɗan ƙarami na ƙarawa da ragewa da kashewa. Sun hana ni sunkuyo da murɗa jiki da ɗaga hannu sama, kada wayar ta goce kafin nama ya riƙe ta. A zaune nake salla. A shago ma madubi da ƙananan firam kawai nake yankawa, kin ga ba sai kin zo da bulala ba.

Abin dariyar shi ne caji. Akwai wani faifai kamar murfin kofi da ake ɗorawa a kan fata daidai batirin, a ɗaure da ɗamara. To na rame, ɗamarar ta yi mini yawa, faifan sai zamewa yake. Don haka Amarya ce take riƙe shi da hannu. Bayan mun ci abincin yamma sai in kwanta rub da ciki, ta zauna a bakin gado, tafinta a bayana kusan awa guda, har faifan ya yi ƙara alamar ya cika. A wannan awar muke hira. Na manta tana da ban dariya, Yaya. Shekara tara hannunta bai taɓa bayana ba sai don ciwo.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. Kin rubuta cewa za ta tafi makaranta. Wace tafiya? Ni ba wanda ya gaya mini. Na san zancen makarantar tun da, kuma na san garin, yini guda ne cur a mota. Na ɗauka ta bar maganar. Ashe ke kin sani, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban sani ba.

Na karanta layin nan naki har takardar ta yi laushi. Ta sha iska, kika ce. Wato ni ne ɗakin da ba taga. Ban musa ba, na san abin da na zama. Amma ashe duk tsawon nan jira take in miƙe ta samu hanya?

Shekaranjiya sandata ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado. Da na jawo ta da ƙafa sai ta bugi wani abu. Sabon akwati ne, mai taya, ko ledarsa ba a cire ba. Ban ce mata komai ba. Kullum in ta ɗora hannu a bayana sai in ce yau za ta faɗa, sai ta kama ba ni labarin masu zuwa sayen maganin tari. Ni kuma na kasa tambaya, don ina tsoron amsar. Wadda ta tafi ta ga yadda duniya take ba tare da nishin majinyaci ba, me zai dawo da ita?

Ki gaya mini gaskiya, me ta ce miki? Ki amsa da wuri, don Allah.

Auta.

*

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya, salamu alaikum.

Ina fata lafiya. Wata ya wuce har da ɗoriya ban ga amsarki ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙun da ke ƙasan bene, ba komai sai takardun talla. Ke ba mai ajiye magana a ciki ba ce. In kin yi shiru, to abin da na zata ne, kin rasa yadda za ki faɗa mini. Shiru ma magana ce, na ji.

Labarin jiki ba daɗi. Na'urar ta daina aiki. Kada ki tambaye ni yadda aka yi. Kiyashin sun tafi, wutar ta dawo, kuma ta dawo da fushi, kamar ta san na yi mata yaji. Hawa benen gidan nan yanzu sai na huta a kowane mataki. Ran Talata ina yankan madubi ƙafar ta harba, hannuna ya kauce, madubin ya tsage biyu, mai shi yana tsaye yana kallona. Na rufe shagon na dawo.

Amarya tana ta matsa mini in koma asibiti. Na ce ba zan je ba. Me za su yi, su sake yanka ni? Na gaji da zama naman gwaji.

Ta dawo tana ɗaura mini takalmi da safe. Ta roƙi mai shagon magani ya rage mata lokacin aiki. Akwatin yana nan ƙarƙashin gado, bai motsa ba. Ina shan azaba, Yaya, Allah ne shaida, wannan ba ƙarya a ciki. Amma in na juya ina ganinta.

In kin ga dama ki rubuto.

Auta.

*

Daga Amarya zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, don shirun ya yi yawa, har na fara damuwa. Ƙanenki bai san na rubuto ba.

Jikinsa ya koma baya sosai. Ya fi da muni, don a da bai san akwai sauƙi ba. Da safe zanin gadon jiƙe yake da gumi. Ya ƙi asibiti, in na ɗauko zancen sai ya juya fuska bango. Ke yake jin maganarki, ki taimaka ki sa baki.

Maganar makaranta kuma, Yaya, na rubuta musu na ce su ba wani gurbin. Sun ba ni wa'adi in tabbatar, wa'adin ya cika, ban ga yadda zan yi ba. Kin san shirin da na gaya miki a zuwanki: ba zan bar shi ba, tare za mu tafi. Na samu ɗaki a ƙasa, ba bene, kusa da makarantar, kuma a layin akwai wani mai gilashi da ya ce yana neman wanda ya iya yankan madubi. Har akwati mai taya na saya masa, tun da an hana shi ɗaukar kaya. Ni tsohon nawa ya ishe ni. Jira nake ɗinkin ya warke, mai ɗakin kuma ya ba ni tabbas, sannan in kawo masa zancen a kammale. Kin san shi, in aka kawo masa magana rabi sai ya yi mako yana saƙa da warwara. To yanzu mutumin da ba ya iya zaman cin abinci, ina zai iya yini a mota?

Ban gaya masa komai ba, kuma ina roƙonki kada ki gaya masa. Ciwon ya ishe shi, ba sai an ƙara masa da cewa shi ya hana ni ba. Na yi kukana a bayan kantar shago, na share, ya wuce. Wataƙila ba rabona a karɓar haihuwa.

Har yanzu ina riƙe masa faifan caji da yamma, ko Allah zai sa na'urar ta farfaɗo. Abin da ban gane ba shi ne, da yakan ɗauki kusan awa kafin ya cika, yanzu ina ɗorawa kaɗan sai ya yi ƙara. Ko faifan ne ya lalace? Zan tambayi ma'aikaciyar asibitin in na samu sarari.

Ki huta lafiya. Taki, Amarya.

*

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don hannun hagu nake rubutu da shi, ka yi haƙuri da tafiyar kaza. Santsi ya kwashe ni a banɗakin tsofaffi, wuyan hannuna na dama ya karye, aka kwantar da ni, daga nan wata abokiyar aikina ta ɗauke ni gidanta jinya. Jiya na dawo ɗakina na tarar da takardu uku a ƙarƙashin ƙofa, biyu naka, ɗaya ta Amarya. Wannan ne shirun da ka zauna kana yi wa fassara.

Ta roƙe ni kada in faɗa maka, amma zan faɗa, ta yafe mini. Da kai za ta tafi, sakarai. Ta nemo ɗakin da ba bene saboda ƙafarka. Ta nemo maka aiki a layin. Akwatin da kake leƙe kamar ka ga maciji, naka ne, don kada ka ɗauki nauyi ta saya mai taya. Ni na ɗauka kun gama maganar tuni, shi ya sa bakina ya zuba. Da na ce ta sha iska, iskar aji da littafi nake nufi, abin da ta so tun tana budurwa. Magana zarar bunu ce, tawa ta riga ta fita, wannan kason laifin nawa ne. Amma kai me ya hana ka buɗe baki ka tambayi matarka, tana zaune a bakin gadonka da hannunta a bayanka?

Yanzu zan yi maka tambaya, kuma ka tuna wa ke tambayar. Kana ƙarami, in na ɗauki kwando zan tafi kasuwa, sai ka ɗauke numfashi har leɓenka ya yi baƙi don in fasa fita. Kuma ina fasawa. Amarya ta ce batirin ba ya raguwa. Ni ban yi karatun likita ba, amma na san tocilar da ba a kunna ba ita ce batirinta ba ya ƙarewa. Auta, na'urar ce ta mutu, ko kai ka kashe ta?

In abin da nake tsoro ne, ka kunna ta yau, ka gaya mata da bakinka kafin ta gano, ku kira makarantar ko Allah zai sa ba a ba wani ba. Ba na barci saboda ku. Allah ya sa takardar nan ta riga ɓarna isowa.

Yayarka.

*

Daga Amarya zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ga labarin hannun a takardar da kika aiko wa ƙanenki. Shi ya miƙo mini ita da kansa, amma ta zo ta tarar an gama.

Na je asibitin da faifan a jaka. Ma'aikaciyar ta gwada shi ta ce lafiyarsa lau. Ta ce in yana cika da wuri, to ba a shan wutar ne. Ta tambaye ni ina rimot ɗin. Sai a lokacin na tuna na daɗe ban gan shi a gidan ba. Daga can na wuce shagonsa, na karɓi makulli wurin maƙwabcinsa mai gyaran agogo. Ban sha wahalar nema ba. Yana cikin gwangwanin da yake ajiye abin yankan gilashi, an naɗe shi da tsumma da kyau kada ƙura ta shiga.

Da la'asar na dawo na same shi kwance rub da ciki, ƙafar tana ta karkarwa, ya cusa fuska a matashi yana nishi. Na zauna a bakin gadon inda na saba zama. Na ɗora tafina a bayansa, na danna maɓallin rimot ɗin da ɗaya hannun.

Yaya, a ƙarƙashin hannuna na ji bayansa ya saki. Ƙafar ta tsaya. Nishin ya ɗauke. Bai ɗago ba, ni ma ban janye hannuna ba. Mun daɗe a haka, har yaran makarantar da ke bayan gidanmu suka tashi suka watse. Can ya ce, fuskarsa a matashi, "Na ga akwatin." Na ce, "Naka ne." Sai ya fara kuka.

Washegari na kira makarantar. Matar da ta ɗauki wayar ta yi mini magana mai daɗi, ta ce gurbin an ba wata tuni, badi kuma shekaruna sun wuce. Na yi mata godiya.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Da ƙarya yake yi, da ciwon na wasa ne, da na san inda zan ajiye fushina. Amma gumin nan na gaske ne. Na wanke zanin da hannuna. Ya zaɓi ya koma cikin wutar nan da idonsa biyu, ya kwana a ciki ya tashi a ciki, don dai kada ya tambaye ni tambaya ɗaya. Shekara tara ina ɗaura masa takalmi, ashe a ransa gadi nake yi, ina jiran a buɗe ƙofa. In tausayinsa ya taso mini sai baƙin ciki ya danne shi, in baƙin cikin ya taso sai in tuna karkarwar ƙafar. Na rasa wanda zan bi.

Kada ki damu, ba inda za ni. Ina zan je? Aurena yana nan, ina dafa abinci, ina gaishe shi da safe. Na koma cikakken aiki a shagon magani, na karɓi na yamma. Ɗamarar cajin kuma na kai wa mai gyaran takalmi ya ƙara mata huji, yanzu za ta zauna masa ba sai an riƙe ba.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Kin faɗi alheri ne. Kuma don Allah kada ki ce in yi haƙuri, Yaya. Na yi, shi ne wannan.

Taki, Amarya.

*

Daga Auta zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa. Yaya hannun? Allah ya sa ƙashin ya kama da kyau. Ki daina wanke banɗaki da silifan roba, kin girma.

Tambayarki ba sai na amsa ba, Amarya ta ce ta rubuto miki. Na ba ta haƙuri. Ta ce ta ji. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, da ma ta ɗaga. Na je makarantar nan da kaina ban gaya mata ba, yini guda a mota, na tsaya a gaban wani tebur na yi bayani har muryata ta dushe. Suka ba ni ruwa, suka ce ƙa'ida ce. Da zan dawo na bi ta layin, na ga ɗakin. Ƙofarsa shuɗiya ce, ba mataki ko ɗaya, wasu sun shiga har sun rataya labule. Ban ji ciwo a motar ba, zuwa da dawowa.

Likita ya duba ni ya ce wayar tana inda aka sa ta, komai daidai. Ya ce ina cikin waɗanda abin ya karɓa sosai, har ya yi mini barka. Na koma shago. Jiya na yanka gilashin taga babba, na farko tun faɗuwata, ya fita sumul.

Akwatin na jawo shi na cire ledar. A aljihun ciki na tarar ta riga ta sa mini safa sababbi da man shafawar baya. Na tura shi daga gado zuwa ƙofa, yana tafiya ba ƙara. Na mayar da shi inda yake.

Da yamma ina cin abincin da ta rufe mini, in ɗaura ɗamarar, in kwanta. Ta zauna daram, faifan ba ya zamewa ko kaɗan, mai takalmin ya iya aikinsa. Awa guda ce kamar da. Ina jin motoci a titi da rediyon maƙwabta har faifan ya yi ƙara in kwance ɗamarar. In ta dawo daga aiki takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ya cika?" In ce ya cika. Sai ta ce madalla, ta wuce kicin.

Kin ce in riƙa ba ki labarin jiki. Ƙafata lafiya lau, Yaya. Ina barci.

Ƙanenki, Auta.